KWAMITI A TAKARDA BA YA TARE HARSASHI



Da wuya ka bi layi guda a Zangon Kumasi, ko Nima da Mamobi a Ankara, ka fita ba ka wuce gidan da ke da ɗa ko ƙane a Amurka ba. Da yawansu suna unguwar Buronks ta birnin Niu Yok, wasu na tuƙin tasi, wasu na jinyar tsofaffi, suna aiko mana da kuɗin makaranta da na asibiti. 'Ya'yansu, wato jikokinmu, makarantun gwamnatin ƙasar suke zuwa kowace safiya. Saboda haka duk dokar da aka kafa a kan ɗalibi a can, a wuyan jininmu take sauka, ko da kuwa mu ba mu taɓa hawa jirgi ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani shiri da ya mamaye makarantun ƙasar, wanda za mu kira shi auna barazana. Ana kafa kwamiti a makaranta. Idan yaro ya furta, ko ya rubuta, ko ya zana abin da ke nuna zai cutar da wani, sai kwamitin ya zauna ya auna nauyin maganar. Bakin mutanenmu ya rabu biyu a kansa. Wasu na cewa an samo maganin harbe-harben makarantu, har suna ba masu makarantu na nan gida shawarar su kwafo shi. Wasu kuma na aika wa iyaye saƙon murya cewa tarko ne da aka ɗana wa baƙar fata da Musulmi, don haka a hori yaro ya kame bakinsa, kome ya gani kada ya faɗa wa malami. Matsayinmu shi ne: na farko sun yi da'awar da ba su da hujjarta, na biyu kuma suna ba da shawarar da za ta iya jawo asarar rai.

Bari mu fara da asalin abin. Kafin wannan shiri, tsarin da ake bi shi ne ba sani ba sabo. A 1994 majalisar Amurka ta yi dokar korar shekara guda ga duk ɗalibin da ya shigo da bindiga makaranta. Dokar a kan bindiga take, amma makarantu suka yi ta faɗaɗa ta har ta haɗa da kayan wasa. A 2013, a jihar Merilan, an dakatar da yaro ɗan shekara 7 saboda ya gutsura abin karin kumallonsa har ya yi siffar bindiga. Duk da wannan tsanani, ranar 20 ga Afrilu 1999 ɗalibai biyu suka shiga sakandaren Kolambain a jihar Kolorado suka kashe 'yan'uwansu 12 da malami guda. A 2008 kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta duba binciken da aka tara, ta ce ba ta ga hujjar cewa yawan korar ya ƙara wa makarantu tsaro ba.

Bayan Kolambain ne hukumar da ke tsaron shugaban Amurka ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi suka binciki hare-hare 37 da mahara 41 suka kai a makarantu tsakanin 1974 da 2000. Rahotonsu na 2002 ya zo da abubuwa biyu da ya kamata kowane uba ya haddace. Na ɗaya, babu wata kama ko launi ko irin gida da za a ce da shi ake gane mai kai hari. Na biyu, a kashi 81 cikin 100 na hare-haren akwai aƙalla mutum guda da ya san abin da ake ƙullawa tun kafin a aikata, kuma galibi ɗalibi ne ɗan'uwansa. Ashe ba dare ɗaya yaro ke zama makashi ba. Yana ɗaukar lokaci yana dafa abin a ransa, kuma ƙaurin yana fita.

A kan wannan ne Farfesa Dewey Cornell na Jami'ar Bajiniya da abokan aikinsa suka tsara hanyar da ta fi shahara. Kwamitin ya ƙunshi shugaban makaranta, da mai ba ɗalibai shawara, da masanin halayya, da ɗan sandan makaranta. Za su tambayi yaron abin da ya faɗa da abin da yake nufi, su ji daga shaidu, su ji daga wanda aka yi wa barazanar. Sa'an nan su raba magana gida biyu: mai wucewa, irin ta fushi ko wasa, wadda ban haƙuri ke kashewa, da mai nauyi, wadda ke da shiri, da makami, da rana, da wanda aka nufa. Mai nauyi ita ake kiran iyaye a kanta, a gargaɗi wanda aka nufa, a duba lafiyar tunanin yaron, a ci gaba da bibiyarsa. Jihar Bajiniya ce ta fara wajabta wannan kwamiti a duk makarantun gwamnatinta a 2013, Fulorida ta bi a 2018, Teksas a 2019.

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da bincike ya tabbatar. A gwajin farko da aka yi a makarantu 35, an auna barazana 188. Kashi 70 cikin 100 masu wucewa ne. Yara 3 kaɗai aka kora, aka kama 6, kuma babu barazanar da aka aikata. A wani gwajin da aka wallafa a 2012, an raba makarantu 40 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka bi ɗalibai 201 da suka yi barazana. Waɗanda ke makarantun da ke bin tsarin sun fi samun mai zama da su ya ba su shawara, an fi kiran iyayensu, kuma an fi kauce wa yi musu doguwar dakatarwa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Duk wanda ya san makomar yaron da aka kora zuwa titi ya san darajarsa.

To, amma ku duba da kyau abin da aka auna. An auna yawan kora, da yawan zama da iyaye, da yawan shawara. Ba a auna yawan rayukan da aka ceta ba, domin wannan ba ya aunuwa da ƙaramin mudu. Makarantun gwamnati a Amurka sun kusa dubu 100, ɗalibansu sun kusa miliyan 50. Rahoton da hukumar tsaron shugaban ƙasa ta sake fitarwa a 2019 hare-hare 41 ya bincika a cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Idan ka ɗebi makarantu 40 ka sa musu ido shekara guda, da kwamiti da babu kwamiti, mafi rinjaye ba za ka ga harbi ko ɗaya ba. Mutumin da ya rataya layar maganin zaki yana zaune a tsakiyar kasuwar Kejetiya, ya ce ga shi shekara goma zaki bai taɓa shi ba, gaskiya ya faɗa, amma bai tabbatar da ƙarfin layar ba. Haka maganar cewa barazana 188 babu wadda aka aikata: yawancinsu dama ba a yi niyyar aikata su ba.

Akwai kuma batun mai ba da shaida. Mafi yawan binciken da ake kafa hujja da shi, mai tsarin ne da abokan aikinsa suka yi shi. Ba mu ce malamin ya yi ƙarya ba, kuma aikinsa ya bi ta hannun masana kafin a buga. Sai dai duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin shaida a fiƙihu ya san alƙali ba ya wadatuwa da shaidar wanda ke da rabo a cikin hukuncin. Ana neman wani daga waje ya zo ya ƙarfafa ta.

Yanzu mu leƙa inda aka gwada tsarin ranar da wuta ta tashi da gaske.

A sakandaren Arafaho ta Kolorado, cikin Satumba 2013, wani ɗalibi ya ce zai kashe malaminsa. Aka zauna aka auna, aka rubuta cewa hatsarinsa kaɗan ne. Ranar 13 ga Disamba ya shigo da bindiga ya harbi wata ɗaliba 'yar shekara 17, wadda ta cika bayan kwanaki, ya kashe kansa.

A Faklan ta jihar Fulorida, an auna barazanar wani ɗalibi a Satumba 2016, kuma hukumar binciken da jihar ta kafa daga baya ta ce an yi aikin a gurguje, ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 5 ga Janairu 2018 wata mata ta buga wa hukumar FBI waya ta faɗi tsoronta a kansa, ba a miƙa saƙon ga ofishin da ya dace ba. Ranar 14 ga Fabrairu ya koma tsohuwar makarantarsa ya kashe mutum 17.

A sakandaren Oksfod ta jihar Mishigan, da safiyar 30 ga Nuwamba 2021, malama ta ga zanen bindiga da jini a takardar wani yaro ɗan shekara 15. Aka kira iyayensa, suka zo, suka ƙi tafiya da shi gida. Babu wanda ya buɗe jakarsa. Aka mayar da shi aji da bindigar da ubansa ya saya kwana huɗu kafin nan, ya kashe ɗalibai 4. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna hukumar makarantun yankin tana da dokar auna barazana a rubuce, amma ba a horar da ma'aikata yadda ya kamata ba, ba a kuma yi aiki da ita a ranar ba.

A Bajiniya kanta, mahaifar tsarin, ranar 6 ga Janairu 2023 a birnin Niufot Nius, ma'aikata sun sanar da hukumar wata firamare fiye da sau ɗaya cewa ana zargin yaro ɗan shekara 6 yana ɗauke da bindiga. Kafin a tashi ya harbi malamarsa a hannu da ƙirji, Allah ya yi da sauran kwananta.

Masu kare shirin za su ce laifin mutane ne, tsarin kuwa lafiyarsa lau. Wannan amsa ba ta gamsar da mu ba. Gwamnati ba a littafi take wajabta shiri ba, a makarantu take wajabta shi, da irin ma'aikatan da ke cikinsu, da gajiyarsu, da ƙarancinsu. Ƙungiyar masu ba ɗalibai shawara ta Amurka ta ce kamata ya yi kowane mai shawara ya riƙe ɗalibai 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350. Wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta lissafa a 2019 cewa ɗalibai miliyan 14 suna makarantun da ke da ɗan sanda amma sun rasa mai shawara, ko ma'aikacin jinya, ko masanin halayya, ko jami'in walwala. Tsarin da ruhinsa shi ne zama da yaro da bibiyarsa, idan babu mai zaman, me ya rage ban da fom da sa hannu? Dole a yi wa shiri hukunci da yadda ake aikata shi a ranar Talata ta yau da kullum, a makarantar talakawa.

Sai tambaya ta gaba: a kan wa nauyin yake sauka? A birnin Albukerki na jihar Niu Meksiko, 'yan jarida sun gano cewa a zangon karatu na 2018 zuwa 2019 yara masu buƙata ta musamman su ne kashi 18 cikin 100 na ɗalibai, amma su ne kashi 56 na waɗanda aka auna. Baƙaƙen yara ba su kai kashi 3 na ɗalibai ba, amma sun kusa kashi 10 na waɗanda aka gurfanar gaban kwamiti. Binciken Bajiniya ya nuna cewa bayan an auna, hukuncin da ake yanke wa baƙi da fari bai bambanta sosai ba, kuma mun yarda. Amma ƙofar shiga, wato wanda idon malami ya fara tsorata da shi, nan son zuciya ke ɓuya. Ba mu manta da yaron nan ɗan asalin Sudan ba, ɗan shekara 14, wanda ya haɗa agogo da hannunsa ya kai makaranta a Teksas cikin Satumba 2015, aka sa masa ankwa. Abin lura shi ne, abin da ya same shi aikin firgici ne da rashin tsayawa a tantance, wato ainihin cutar da aka ƙirƙiro auna barazana don a magance.

Haka nan jihar Tenesi. Bayan harin wata makaranta a Nashbil cikin Maris 2023, aka yi dokar korar shekara guda a kan barazanar kisan jama'a, a 2024 kuma aka mayar da irin wannan furuci babban laifi. 'Yan jarida sun ba da labarin yaro ɗan shekara 10 da aka kora don ya yi siffar bindiga da yatsunsa. Ba sani ba sabo ce ta dawo ta ƙofar baya, ta tarar da kwamitin yana zaune.

Akwai kuma gaskiyar da kwamiti ba ya iya taɓawa. Tun 2020 bindiga ce ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ta wuce haɗarin mota. Rahoton 2019 ya ce kashi 76 cikin 100 na maharan da suka yi amfani da bindiga daga gidan iyayensu ko na wani ɗan'uwa na kusa suka ɗauko ta. Yara masu fushi suna ko'ina a duniya, har a Zango. Bindiga a cikin durowar ɗaki ce ba a ko'ina take ba. Ƙasar da ta tara malamai su auna zuciyar yaro, ta bar makamin a inda hannunsa zai kai, ta bar jaki tana dukan taiki.

Yanzu gare ku, 'yan'uwanmu masu saƙon murya. Mun fahimci tsoronku, kuma hujjojin da muka kawo sun nuna ba daga banza ya zo ba. Amma ku koma ga lissafin nan na kashi 81. A 2021 hukumar tsaron shugaban ƙasa ta fitar da nazarin makirce-makirce 67 da aka daƙile tsakanin 2006 da 2018, kuma a mafi yawansu abokan karatu ne suka ji suka faɗa. Idan akwai abu guda a cikin wannan fage da ya yi kama da hujja mai ƙarfi, to bakin yaron da ya ƙi yin shiru ne. Jikanka da ka hora ya kame baki, a cikin ajin nan yake zaune, harsashi kuwa ba ya tambayar wa ya yi shiru. Malamanmu sun bambanta annamimanci da nasiha, kuma Imam Nawawi ya lissafa gargaɗin mutane daga cuta cikin wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta. Ku koya wa yaro bambancin: kai gulmar abokinka abin kunya ne, faɗin cewa ka ga makami a jakarsa kuwa ceton rai ne, har da ran mai jakar. Ku kuma koya masa cewa wasan "zan kashe ka" da yaran Zango ke yi a bakin famfo, a can yana iya kai shi gaban ɗan sanda, ko a baki ya faɗa ko a waya ya rubuta.

Ga iyayen da ke can, ga abin da muke roƙo. Kada ku jira sai an kira ku. Ku je makarantar ku tambaya: su wa ke cikin kwamitin, kuma yaushe aka horar da su? A wane mataki ake kiran iyaye, a wane mataki ake kiran 'yan sanda? Abin da aka rubuta a kan yaro, ina ake ajiye shi, wa ke gani, yaushe ake share shi? Bayan an auna, wa ke bibiyar yaron, har tsawon wane lokaci? Dokar tarayya ta 1974 ta ba ku ikon ganin bayanan karatun ɗanku cikin kwana 45 da nema, kuma wajibi ne makaranta ta yi magana da uban da ba ya jin Turanci sosai a harshen da yake fahimta. Ku nemi tafinta, kada ku mayar da yaron da ake tuhuma shi ne mai fassara, kada kuma ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba.

Ga masu makarantu na nan gida kuwa, ba mu ce matsalar ta tsaya a ƙetare ba. A Afrilun 2025 ɗalibi ya shigo da bindiga wata sakandare a Bantama, cikin Kumasin nan, ta tashi ta raunata 'yan'uwansa biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma abin da ya cancanci ɗaukowa daga Amurka ba fom ba ne. A ɗauko ɗabi'u uku: a tambayi yaro me yake nufi kafin a yanke masa hukunci, a buɗe jaka idan an ambaci makami, ba tare da jin nauyin kowa ba, a sa babban mutum guda da sunansa ya riƙa bibiyar yaron har a ga ƙarshen damuwarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma duk wanda ya zo muku da shiri yana cewa an tabbatar yana hana kisa, ku tambaye shi: wa ya auna, makarantu nawa, shekara nawa, da wa aka kwatanta?

Hukuncinmu a taƙaice: auna barazana ya fi korar makanta, wannan an tabbatar. Cewa yana rage harbe-harbe, wannan fata ne mai kyau da har yanzu ke jiran shaida. Inda ya yi amfani, mutane ne suka saurara suka kuma tashi tsaye. Inda aka yi asarar rayuka, an ji, an rubuta, an ajiye a fayil. Amanar yaro tana wuyan wanda ya ji maganar, ko uba ne, ko malami, ko aboki, kuma babu kwamitin da zai ɗauke masa ita.

Allah ya tsare mana zuriya a gida da ƙetare, ya ba masu riƙe da amanarsu ikon sauke ta. Wanda ke da ɗan'uwa a can ya tura masa wannan rubutu, wanda kuma ke da hujjar da ta saɓa wa tamu, zaure a buɗe yake.

Wassalam.

Daga magatakardan fadar Sarkin Zango.